Adakar takardun kakanmu: mu raba, mu sayar, ko mu kai laminatin?

"Salamu alaikum Malam. Ni 'yar Aboabo ce nan Kumasi. Babanmu ya rasu bayan sallar layya, da aka buɗe ɗakinsa sai muka tarar da wata tsohuwar adaka ta ƙarfe cike da takardun kakanmu, wanda malami ne kuma yana fataucin goro. Duk rubutun hannu ne, wasu Larabci wasu ajami, babu ɗinki, wasu ƙwari sun ci wasu kuma sun manne da juna. Yanzu baffanninmu sun ce a raba kowa ya ɗau nasa na albarka, yayana ya ce a kai a yi laminatin, wani mutum kuma ya zo ya ce zai saya duka. Ni dai ban san ko suna da wani amfani ba. Dan Allah Malam me za mu yi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashi. In na fahimce ki, shawara uku ce a gabanku, rabawa da laminatin da sayarwa, a ƙarƙashinsu kuma akwai tambayar da ta fi su duka, wato shin takardun nan suna da wata daraja ne ko tarkace ne kawai. Toh amsata a gajarce ita ce kar ku yi ko ɗaya daga cikin ukun nan tukuna, kuma kar kowa ya sa hannu ya ce zai "gyara" adakar ko ya jera takardun. A aikin nan namu na adana tsofaffin takardu abin da na fi gani yana kashe kundin malam ba gara ba ce, magada ne masu kyakkyawar niyya. Gara tana ɗaukar shekaru kafin ta gama da adaka, amma rabon gado yini ɗaya ya ishe shi.

Me ke cikin irin wannan adaka

Ban ga taku ba, don haka ba zan ce miki ga abin da ke ciki ba, amma adakar malamin zango mai fatauci kusan kullum kashi uku take ɗauke da shi. Akwai littattafan karatu da ya kwafa da hannunsa ko ya gada, irin su Ahalari, Ishmawi, Risala, Ishiriniya, wani lokaci da Alƙur'ani cikin gafaka. Akwai kundi, wato laƙani da hatimi da addu'o'i. Sai kashi na uku wanda kowa yake rainawa, 'yan gutsattsarin takardu, wasiƙu, lissafin bashi, wane ya karɓi ƙwarya kaza ta goro bai biya ba, rasit, takardar fili, ranar da aka haifi wance an rubuta a bayan wani shafi.

Mutanen gida sun fi girmama na farko, suna tsoron na biyu, na ukun kuma shi ake sharewa a ƙona ko a binne saboda akwai sunan Allah a jiki kar a taka. A wajen mai binciken tarihi kuwa lissafin juyawa yake. Risala akwai ta dubbai daga nan har Sakkwato, an ma buga ta a inji, amma wasiƙar da wani maigida a Kano ya aiko wa kakanku yana tambayar kuɗin goronsa guda ɗaya ce tak a duniya, in ta tafi ta tafi kenan. Ko su littattafan karatun, darajarsu tana gefen shafi da ƙarshen littafi, inda mai kwafa yake cewa ya kammala, ya faɗi sunansa da na ubansa, wani lokaci da garin da yake da malamin da ya karanta a wajensa. Layi biyun nan su ke nuna mana ta ina ilimi ya bi ya shigo Kumasi.

Kuma kar ki ɗauka wannan sabon abu ne a garin nan. Turawan Ingila da suka zo fadar Asantehene, sarkin Asante, a 1817 da 1820 sun tarar da Musulmi masu rubutu zaune kusa da sarki. A babban ɗakin karatu na ƙasar Danmak, a Kofanhagan, akwai wani tarin takardu na Larabci, warƙa wajen 900, da suka fito daga Kumasi, ana kyautata zaton a yaƙin Katamanso na 1826 aka kwashe su daga sansanin Asante. Mafi yawansu layu ne da hatimi, amma a tsakaninsu aka tsinci wasiƙu tsakanin Musulmin Kumasi da 'yan'uwansu na arewa irin Gwanja, kuma waɗannan 'yan wasiƙun na cikin manyan abin da masana suke dogaro da shi kan rayuwar Musulmi a Kumasin wancan zamani. Kinga da wani ya zauna ya ware "masu amfani" ya zubar da saura, da wasiƙun ne za su fara tafiya. Sannan ga Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano, wanda ya bar garin Salaga na arewacin Ghana bayan yaƙin basasar 1892 ya rasu a 1934. Almajiransa sun yi ta kwafar waƙoƙinsa na Larabci da na Hausa suna yawo da su zango zango, har yau ana cin karo da kwafinsu a irin adakar nan taku. Ga kuma asarar da aka riga aka yi, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardun zama sati biyu su bar ƙasa a Nuwamban 1969, gidaje da yawa a zango sun watse cikin gaggawa, wanda yake neman wurin zama a lori ba ta adakar takardu yake ba. Shi ya sa duk wadda ta tsira har yau ba abin wasa ba ce.

Dalilin da ya sa na ce kar a raba, kar a jera

Littattafanmu na da ba a ɗinke su, warƙa warƙa suke, a sa su tsakanin kwali biyu ko fata a ɗaure da igiya. Babu lambar shafi. Abin da ke riƙe da tsarin littafi shi ne wata 'yar kalma da mai kwafa yake rubutawa ita kaɗai a can ƙasan shafi, wadda ita ce kalmar farko ta warƙar da ke biye. Yanzu ki ɗauka an zo rabo, Baffa babba ya damƙi rabin tari, ƙaninsa ya damƙi rabi, an aika wa gwaggo da ke Nima a Accra nata, toh littafi ɗaya ya zama uku kuma babu ɗaya da zai karantu, shafin ƙarshe mai ɗauke da sunan mai rubutu yana Accra, farkon littafin yana Asawase nan Kumasi. Bayan shekara goma kowa ya manta wa ya ɗau me.

Shi ma jerawar haka take, ko da ba a raba ba. Yadda mai adaka ya bar kayansa shi kansa bayani ne. Na taɓa zama kan wani kundi a wani gida, muka samu wata 'yar takarda ba ta kai tafin hannu ba, sunaye bakwai ne kawai a jere, babu kwanan wata babu komai. Ita kaɗai ba ta da ma'ana. Amma a cikin littafin da mai kundin ya yi karatun tafsiri muka same ta, kusa da ƙarshe, sai wani dattijo a gidan ya duba ya ce ai sunan farko malamin marigayin ne, na biyu kuma malamin malamin, wato silsilar karatunsa ce. Da wani mai son tsafta ya riga mu ya tattara duk ƙananan takardu ya zuba a ambulan ɗaya, da sunaye bakwai ne kawai har abada.

Maganar hukuncin gado ba fannina ba ne, wannan ku kai wa malaman da za su raba muku, littattafai dukiya ce kuma baffanninki suna da haƙƙi a kayan mahaifinsu, kar ki shiga da faɗa. Abin da na ga yana aiki shi ne magada su yarda a bar takardun wuri ɗaya a hannun mutum ɗaya amintacce, ko a mai da su waƙafi na zuri'a, a rubuta yarjejeniya kowa ya sa hannu a gaban limami, sannan kowane gida a ba shi hotunan duka. Wanda kuma ya dage sai ya riƙe wani abu na albarka, a ba shi littafi cikakke guda, bayan an ɗauki hotonsa an rubuta cewa yana wajen wane. Yawanci in aka yi wa dattawa bayani a natse, aka nuna musu kalmar nan ta ƙasan shafi da idonsu, suna saukowa, don su ma ba son a yayyaga karatun ubansu suke ba.

Laminatin

Ki gaya wa yayanki na ce dan Allah ya haƙura. Na san niyyarsa, yana ganin yadda ake yi wa satifiket. Amma injin laminatin zafi yake sawa ya narkar da gam ya shige cikin takardar, kuma ba ya fita, duk wanda ya ce miki zai ɓare daga baya rubutun zai ɓare tare da robar. In akwai danshi ko funfuna a jikin takardar an kulle su ciki kenan suna ci gaba da aikinsu, bayan wasu shekaru robar ta yi ja ta fara kumbura. Haka salatif, yau zai riƙe miki yagewar, gobe ya bushe ya faɗi ya bar tabo ruwan ƙasa daidai kan layin da ake son karantawa. Sitefula da kilif na ƙarfe tsatsa suke yi su huda takarda, roba mai ɗaure kuɗi kuma narkewa take ta manne. Duk wani gyara da ba za a iya warware shi ba, ba a yin sa a tsohuwar takarda, ƙa'idar aikinmu kenan.

Abin da za ku iya yi a gida da hannunku

Matsalarmu a Kumasi danshi ne. Damina biyu muke yi a shekara, iska a jiƙe take kusan kullum in ban da 'yan watannin hunturu, funfuna kuwa da zarar danshin iska ya haura kashi 65 cikin ɗari ya daɗe a haka ta samu gida. Adakar ƙarfe tana da kyau wajen ɓera da gara, amma in tana ƙasa kan siminti ko jingine da bango tana yin gumi daga ciki. Ku ɗaga ta kan tebur ko benci, ku janye ta daga bango, a ɗakin da iska ke ratsawa kuma rufinsa ba ya yoyo, ba kusa da kicin ko banɗaki ba. Ku da ke Aboabo kun fi ni sanin yadda ruwa yake shiga gidaje in rafi ya cika, don haka in gidanku na ɓangaren da ruwa ke kaiwa ne a nema mata ɗakin sama ko gidan wani ɗan'uwa. Kar a zuba takardun a roba ko leda a ƙulle, gumi za su yi.

Ku zaɓi ranar da gari ya bushe, ku shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a kan tebur a inuwa, ban ce rana ba, rana tana busar da takarda ta koma kamar ƙanzo tana karyewa. A wanke hannu a bushe shi sarai, ba mai ba turare, ba koko ko shayi a kusa. A ɗauko ɗauri ɗaya, a gama da shi a mai da shi yadda yake kafin a taɓa na biyu. In akwai funfuna, wannan farin gari ko baƙin ɗigo mai wari, a sa takunkumi, mai asma kuma ya bar wajen, a bar takardar ta sha iska ta bushe sannan a share a hankali da burushi mai laushi sosai daga tsakiya zuwa baki. Kar a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Tawadarmu ta gargajiya da ƙaro ake haɗa ta, ruwa na taɓa ta take narkewa, kuma wannan ƙaron ne ma yake sa shafuka su manne in sun sha danshi. Waɗanda suka manne ɗin ku bar su yadda suke, kar a sa wuƙa kar a sa tururi, a naɗe su daban a rubuta daga wane ɗauri suka fito, wannan aikin ƙwararren mai gyaran takardu ne, ni kaina ba na ɓare su.

Ƙwari kuma, ku duba ko ramukan tsofaffi ne ko akwai sabon gari yana zuba. In sabo ne a ware wannan ɗaurin daga saura. Kar a fesa maganin sauro ko a yayyafa kananzir, tabon mai ba ya fita. Gara dai daga ƙasa ko bango take zuwa, ɗaga adakar da leƙa ta duk wata ya fi kowane magani. Kowane ɗauri a naɗe shi da farin ƙyallen auduga da aka wanke ba sitaci, tsohuwar fata ko gafakar da ya zo da ita kuma kar a yar, a ajiye tare.

Hoto, da zama da tsofaffi

Wannan shi ne aikin da na fi so ki ɗauka da kanki, kuma wayar hannunki ta isa. Kusa da taga da safe, ba filashi, wayar tana kallon takardar daga sama sak ba a karkace ba, a sa rula a gefe don a san girmanta. Ki yanka 'yar takarda ki rubuta da fensir, ɗauri na 1, ki ɗauke ta hoto, sannan ki bi warƙa ɗaya bayan ɗaya gaba da baya yadda kika same su, har da shafin da ba komai a kai, har da wanda kike ganin a juye yake ko ba wurinsa ba ne. Ki bar gefen takardar ya fito duka a hoton saboda rubutun gefe. In kin gama ki ajiye a wuri uku, kwamfuta, filas, da intanet, kuma in za ki tura wa dangi ta WhatsApp ki tura a matsayin fayil, in ba haka ba yana matse hoton wasullan ajami su dushe.

Wasu warƙoƙin ki ɗaga su saitin hasken taga. In kin ga alamar jinjirin wata uku a jere a cikin jikin takardar, wannan takardar Italiya ce da fatake suka riƙa kawowa ta hamada, an yi ta amfani da ita a ƙarni na 19 har farkon na 20. Ba ta ba da shekara takamaimai, don malam yana iya ajiye farar takarda shekaru kafin ya yi rubutu a kai, amma tana ba da zamani. Lissafi da fam da sule yawanci kafin 1965 ne, shekarar da sidi, kuɗin Ghana, ya fito. Ambulan mai kan sarki da aka rubuta Gold Coast, tsohon sunan Ghana, kafin 1957 ne, shi ya sa ko ambulan ba a yarwa.

Sai babban abu, wanda shi ne yake da gaggawa fiye da komai. Takarda in an ɗaga ta daga ƙasa za ta jira ki shekara ashirin, tsohuwar da ta san waye "Alhaji na Salaga" da aka ambata a wasiƙa ba za ta jira ba. Ki nemi mafi tsufa a gidan, mace ko namiji, da wani tsohon almajirin kakanku in akwai, ki nemi izini ki kunna rikoda, ki riƙa nuna musu hotunan kina tambaya, hannun wa ne wannan, waye wannan, daga wane gari kaka ya taso, wa ya sauke shi da ya zo Kumasi. Mata sun fi riƙe sunaye da dangantaka, wannan na gani sau da yawa, maza su ba ki labarin karatu da kasuwa amma in ana son a san wa ya auri wa sai an koma cikin gida. Ajamin ma ki samu dattijon da ya saba da hannun mutanen da, don yaran da suka yi makarantar Larabci ta zamani da yawa rubutun Magaribi yana ba su wuya, ɗigon fa a ƙasa yake, na ƙaf guda ɗaya a sama, nan da nan sai su karanta wani abu daban.

Shi kuma kundin asiri, in dattawa suka ce ba a ɗaukar hotonsa ko ba a nuna wa bare, ki bi maganarsu. Ki dai rubuta cewa akwai ɗauri kaza, warƙa kaza, yana wajen wane. Haka wasiƙun da suka taɓa sirrin mutane, bashi ko rigimar aure, jikokinsu suna nan da rai a unguwa, ba abin sawa a Facebook ba ne.

Mai saye, da inda za ku nemi taimako

Ban san mutumin ba, ba zan zarge shi ba, amma wanda ya ce zai saya duka tun kafin ku san abin da ke ciki ya fi ku sanin abin da yake nema. Abin da yakan faru shi ne a zare masu ado da jan tawada a sayar warƙa warƙa, sauran a watsar. Kuma fitar da kayan tarihi daga Ghana sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. In ma daga baya magada suka ga sayarwar ce maslaha, haƙƙinsu ne, amma a yi bayan an ɗauki hoto an san me ake sayarwa.

Akwai hanyar da ba sai kun rabu da komai ba. Cibiyar nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon tun farkon shekarun 1960 ta tara ɗaruruwan rubuce-rubucen Larabci da ajami, masanin tarihi Ivor Wilks da Alhaji Usman Boyo na Kintampo suna cikin waɗanda suka yi aikin, kuma yawanci aro suke yi a wajen malamai su ɗauki kwafi su mayar wa mai abu kayansa. Can ne wurin farko da zan ce ku tuntuɓa da hotunanku. Akwai kuma shirin babban ɗakin karatu na Birtaniya na ceto takardun da ke cikin haɗari, wanda ya fara a 2004, ƙa'idarsa ita ce asalin takardu ba sa barin ƙasarsu, hoto kawai ake ɗauka, sai dai hotunan ana sa su a intanet kowa ya gani, don haka sai gida ya yarda da wannan tukuna. Ko wa za ku ba aro, ko jami'a ce ko malamin unguwa, a ƙirga warƙoƙi a rubuta, a sa ranar dawowa, mutum biyu su sa hannu. Mafi kyau ma mai son gani ya zo gida ya gani.

In kuma sunayen da kuka tsinta sun sa miki son bin sawun kakanku, ofishin adana takardun gwamnati, PRAAD, yana da reshe nan Kumasi a harabar Cultural Centre, hedikwatarsa tana Accra, akwai kuma ma'ajiyar takardu ta fadar Manhyia inda shari'o'in kotun Asantehene suke. Ki tafi da fensir da katin shaida da haƙuri mai yawa, don ba a jera fayil da sunan kakan kowa ba, sai dai ki bi ta batun, fili, shari'a, sarautar zango, harkar goro. Akawun Turawa kuma yadda kunnensu ya ji suke rubuta suna, Garba ya zama Garuba, Usman ya zama Osumanu, kuma kusan duk Musulmin da ya fito daga arewa Hausa suke ce masa ko da Bamoshe ne ko Bawangare, don haka ki rubuto duk yadda za a iya karkata sunan kafin ki je. In kin ɗauki hotunan ɗauri na farko ki turo min shafin farko da na ƙarshe na kowane littafi, daga nan zan iya gaya miki wane ne na karatu da aka saba gani, wane ne kuma ya kamata a kai Legon a duba.